Siliki Halal Ga Manomi, Haram Ga Attajiri: Muhawara Kan Sutura da Cimar Sinawan Dā

Ɗan Kwari:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai maganar da ta tsaya mini a rai tun da na dawo daga Sin, na ce bari in kawo ta nan tun da gidan nan ba a rasa malamai. Shekara tara ke nan ina zuwa Gwangzu saro yadi, amma sai a wannan tafiyar Allah Ya nufa na hau jirgin ƙasa na je Beijin, na shiga tsohuwar fadar sarakunansu da aka mayar gidan tarihi. A nan mai yi mana tafinta ya gaya mini abin da ya ɗaure mini kai. Ya ce a shekarar 1381 sarkin da ya kafa daular Ming ya yi doka cewa manomi yana iya sa siliki mai kyau, amma ɗan kasuwa bai isa ba, iyakarsa yadin talaka da siliki mafi araha mara ado. Ko gidan manoma ne, muddin mutum ɗaya a cikinsu yana fatauci, duk gidan sun rasa wannan dama. Ni da na tashi a cikin yadi na kasa gane hikimar. Wanda ya saro kayan, ya sha wahalar hanya, ya biya haraji, shi ne ba zai sa ba? Manomin kuma da aka ba izini, da wane kuɗin zai saya? Don Allah masana a warware mini.

Tela Mai Aska Takwas:
Wa alaikumus salam Alhaji, barka da dawowa. Tambayarka ta biyun ita ce tawa. An ba wanda ba shi da hali izini, an hana mai hali. To wa zai kawo wa tela ɗinki?

Malamin Tarihi:
Wa alaikumus salam. Alhaji, tafintanka bai yi maka ƙari ba, kuma dokar ta girmi daular Ming nesa ba kusa ba. Tun kafin miladiyya Sinawa suka kasa jama'a gida huɗu a rubuce: masu ilimi waɗanda daga cikinsu ake ɗaukar ma'aikatan sarki, sai manoma, sai masu sana'ar hannu, sai 'yan kasuwa a can ƙarshe. Hujjarsu ita ce manomi yana fitar da abinci daga ƙasa, maƙeri da masaƙi suna ƙera abin da babu, shi kuwa falke yana ɗaukar abin da wani ya yi ne ya kai wani wuri ya ci riba. Liu Bang, wanda ya kafa daular Han a shekara ta 202 kafin miladiyya, yana gama yaƙi ya hana 'yan kasuwa sa siliki da hawa keken doki, ya kuma lafta musu haraji, kuma littafin tarihinsu bai ɓoye dalili ba, ya ce don a ƙuntata musu a wulaƙanta su.

Amma ga abin da ya fi ba ni sha'awa. Ba a yi shekara arba'in ba wani babban bafade mai suna Chao Cuo ya rubuta wa sarki takarda yana kuka, yana cewa doka ta ƙasƙantar da ɗan kasuwa amma ɗan kasuwa ya riga ya yi arziki ya ɗaukaka, doka ta girmama manomi amma manomi ya riga ya tsiyace. Ya ce mazansu ba sa noma, matansu ba sa saƙa, amma suturarsu mai ado ce, cimarsu kuwa hatsi mai kyau da nama. Kun ga tun farkon tafiya an san dokar ba ta kama ƙasa ba. Ni a fahimtata ba don talaka aka yi ta ba sam. Talaka talauci ya riga ya zaɓa masa rigarsa, ba ya buƙatar sarki ya gaya masa. Wanda ake tsoro shi ne mai kuɗin da ba shi da muƙami, kada ya shigo taro a kasa bambanta shi da hakimi.

Tsohon Akawu:
Malam, na karanta bayaninka kuma na ƙaru, amma ban yarda da inda ka ajiye maganar ba. Wanda ya yi dokar 1381, Zhu Yuanzhang, ɗan manoma ne fitik. A 1344 yunwa da annoba suka kashe uwarsa da ubansa da yayansa cikin 'yan makonni, ko abin da za a binne su a ciki ba su da shi, ya shiga gidan ibadar 'yan Buda, ya yi shekaru yana yawon bara kafin ya ɗauki makami. Mutumin da ya ga wannan da idonsa, idan ya hau mulki ya ce ba za a riƙa taƙama da tufafi a gaban mayunwata ba, ni ba zan kira shi azzalumi a kan wannan ba. Ku dubi halin da muke ciki. Yara nawa ne suka kasa aure saboda akwatunan lefe? Magidanta nawa ne suke cin bashi don ɗinkin Sallah kada a raina su a masallacin idi? Da akwai hukumar da za ta ja layi ta ce kowa ga iyakarsa, wallahi da talaka ya huta da gasar da ba tasa ba.

Ɗan Kwari:
Baba, da girmanka, ai layin ba a kan kowa aka ja shi ba. Da cewa aka yi kowa da kowa ya rage ado har da fadawa, da na ce adalci ne. Amma su an bar musu siliki da zinariya, mu aka hana.

Ɗalibar Wuhan:
Assalamu alaikum iyayena. Ni karatun haɗa magunguna ya kawo ni nan, amma a shekarar farko an koya mana tarihi da harshe, kuma wannan darasin ya zauna mini. Baba, abin ya wuce hana almubazzaranci, don har launi rabawa aka yi. A daular Tang ma'aikatan sarki hawa tara ne. Tun 630 aka tsara cewa hawa na ɗaya zuwa na uku su sa shunayya, na huɗu da na biyar ja, na shida da na bakwai kore, na takwas da na tara shuɗi. Kafin su, a daular Sui, an ce talaka ya sa fari, mahauci da ɗan kasuwa baƙi, soja rawaya. Daga baya aka ƙwace rawaya daga hannun kowa ta zama ta sarki shi kaɗai, har ta kai a 960 da sojoji suka so naɗa shugabansu Zhao Kuangyin, riga rawaya kawai suka yafa masa a kafaɗa, shi ke nan an kafa daular Song. Wato daga nesa, kafin mutum ya buɗe baki, ka san ko za ka durƙusa ko shi zai durƙusa maka.

Shi kuma sarkin da Baba yake karewa, a 1391 ya ƙaro wani abu. Aka riƙa ɗinka wani ƙyalle mai kusurwa huɗu a ƙirji da bayan rigar kowane ma'aikaci. Na farar hula tsuntsu, na soja dabbar dawa. Hawa na ɗaya gauraka, na uku ɗawisu, na huɗu dinyar daji, na shida balbela, na tara salwa. Manyan hafsoshi zaki, na ƙasa da su damisa. Bai tsaya nan ba, ya ƙayyade tsawon riga daga ƙasa da tsawon hannunta ga kowane aji, sannan a 1392 ya hana talakawa sa takalmin sau-ciki mai dogon wuya, sai dai mutanen arewa masu fama da sanyi aka yi musu rangwame da na fatar sa mara ado.

Tela Mai Aska Takwas:
Ikon Allah. Ƙanwata, wannan ƙyallen aikin hannu ne ko saƙa shi ake yi da zanen a jiki? Kuma idan an ƙara wa mutum girma, sabuwar riga zai ɗinka?

Ɗalibar Wuhan:
Yaya, duka biyun akwai, wasu surfani ne da zaren siliki da na zinariya, wasu a masaƙa aka fitar da zanen. A zamanin daular Qing, wadda ta gaji Ming, daban ake yinsa a ɗora a kan riga, saboda haka ana iya farke shi a sa wani. Na gaba ma a rabe yake gida biyu, don rigarsu ta tsakiya take buɗewa. Matar ma'aikaci ita ma tana sa irin na mijinta ranar biki.

Tsohon Akawu:
To 'yata, wannan ai ba baƙon abu ba ne. Mu ma nan alkyabba ba ta kowa ba ce, rawani mai kunne biyu a Kano ba kowa ke naɗa shi ba, kakaki ba a busa wa attajiri komai dukiyarsa. Ko soja da ɗan sanda da anininsu ake gane su. Ƙasar da ba a san babba ba ai ba ƙasa ba ce.

Maman 'Yan Biyu:
Baba, a yi mini afuwa in sa baki. Alkyabbar hakimi ba ta hana ni ɗaura zanen da nake so ba, nan ne bambancin. Kuma tun ɗazu ana ta maganar wa zai sa silikin, ba wanda ya tambayi wa ya yi shi. Mata ne. Su ke tsinko ganyen bishiyar da tsutsar ke ci, su ke tashi cikin dare su ciyar da ita, su ke warware zaren a ruwan zafi, su ke saƙa. A farkon daular Tang harajin kowane magidanci kashi uku ne: hatsi, da aikin gayya na kwana 20 a shekara, da yadi, siliki ko na rama gwargwadon abin da ƙasarku ke yi. Hatsin gumin miji ne, yadin kuwa na matarsa ne. Da wannan silikin sarki yake biyan sojoji yake sayen dawakai, don a lokacin tamkar kuɗi yake. Ita wadda ta saƙa, abin da ke jikinta yadin rama ne mai kaushi. Har kalmar da suke kiran talaka da ita ma'anarta mai rigar rama. Don haka izinin da aka ce an ba manomi na sa siliki, ni a wurina kamar a ce wa mai daka ta ci tuwon ne bayan an kwashe tukunya an kai zaure.

Sannan ga ɗaure ƙafa. Tun wajen ƙarni na 10 abin ya faro a fada ya bazu. Yarinya 'yar shekara biyar ko shida a lanƙwashe mata yatsu ƙarƙashin tafin ƙafa a naɗe da ƙyalle tamau, har ƙashin ya karye ya tafi a haka, don kawai a ce gidansu ba sa buƙatar ta je gona. Wannan ba sarki ne ya sa ba. Hasali ma sarakunan Qing sun hana a 1664, suka ga ba a ji ba suka janye a 1668. Neman a ce kai wani ne ya sa uwa ta yi wa 'yarta haka da hannunta, don kada ta rasa mijin kirki. Duk lokacin da na tuna sai jikina ya mutu.

Tsohon Akawu:
Hajiya, wannan kam ba ni da ta cewa a kai, zalunci ne. Amma ki lura, ke da kanki kika ce ba doka ce ta kawo shi ba, gasar mutane ce. Ita gasar ce nake cewa a yi wa linzami.

Ɗan Damagaram:
Salamu alaikum. Ina biye da ku tun farko. An yi ta tufafi, to abinci fa? Shi ma rabawa aka yi, ko kowa da abin da aljihunsa ya iya?

Malamin Tarihi:
Shi ma an raba, kuma nasa ya fi tsufa. A zamanin Zhou, ƙarnuka kafin Han, darajar mutum da tukwanen tagulla masu ƙafa ake ƙirga ta, waɗanda ake zuba nama a ciki ranar biki da ranar yanka wa kakanni. Babban sarki tara, sarakunan jihohi bakwai, manyan fadawa biyar, ƙananan masu sarauta uku. Kowace tukunya da irin namanta, saboda haka yawan tukwanenka shi ne yawan irin naman da ya halatta a gabanka. A 1978 aka tono kabarin wani sarkin ƙaramar jiha mai suna Zeng a lardin Hubei, wanda aka binne wajen 433 kafin miladiyya, aka tarar da jerin tukwane tara cif, adadin babban sarki, ba bakwai irin na sarakunan jihohi ba. Ko a kabari ba a bar lissafin ba.

Littafin ladubbansu ya ce sarkin jiha ba ya yanka sa haka kawai, bafade ba ya yanka rago haka kawai, ƙaramin mai sarauta ba ya yanka kare ko alade haka kawai, talaka kuma ba ya cin abin marmari haka kawai. Shi ya sa a tsohon harshensu idan aka ce maciya nama, masu mulki ake nufi. A 684 kafin miladiyya, da jihar Qi ta kawo wa jihar Lu yaƙi, wani mutum mai suna Cao Gui ya tashi zai je ya ba sarki shawara, mutanen garinsu suka ce ina ruwanka, maciya nama za su shirya abinsu. Ya ce maciya nama ba su da hangen nesa. Ya je, aka bi shawararsa, aka ci yaƙin.

Amma abin da ya fi nuna mini halin talaka shi ne maganar malaminsu Mengzi. Da yake kwatanta wa wani sarki ƙasar da aka yi mulkin adalci, cewa ya yi a dasa bishiyar tsutsar siliki a kowane gida, ɗan shekara 50 zai samu ya sa siliki, a kula da kaji da aladu, ɗan shekara 70 zai samu ya ci nama. Ku duba fa, wannan shi ne burin, shi ne ƙololuwar abin da ake fata. Sauran jama'a gero ne a arewa, irin nasu mai ƙananan ƙwaya, da fate da ganye da wake, a kudu kuma shinkafa ga wanda ya samu. Daga baya dawa ta yaɗu a arewa, sannan masara da dankalin Hausa suka shigo a ƙarni na 16. Dankalin wani falke ne mai suna Chen Zhenlong ya shigo da shi lardin Fujian daga tsibirin Luzon na ƙasar Filifin a 1593, kuma shi ya riƙa tsare bayin Allah a shekarun fari, duk da haka aka riƙa yi masa kallon cimar matsiyata.

Ɗan Damagaram:
Wato falken da aka raina shi ya kawo abin da ya ceci manomin da aka girmama. Na gode Malam. Naman shanu fa? Na ji an ce ba sa ci da yawa a dā.

Ɗalibar Wuhan:
Haka ne, saboda sa na huɗa ne. A dokar Tang wanda ya yanka sansa na kansa ba da izini ba shekara guda zai yi yana aikin horo, wanda ya kashe na wani shekara ɗaya da rabi. A zamanin Song kuma rago ne naman manya, har ana cewa madafar fada rago kawai take dafawa, alade kuwa na talaka ne. Shahararren marubucinsu Su Shi, da aka kore shi daga fada zuwa Huangzhou a 1080, nan lardin da nake, ya rubuta cewa a garin alade araha yake kamar ƙasa, mai kuɗi ba ya ci, talaka bai iya dafawa ba. Abin da ke maye wa yawancin mutane gurbin nama shi ne awara, wannan dai da muke soyawa a gida, asalinta daga nan ne. Wani masanin girki na ƙarni na 18, Yuan Mei, ya soki attajiran zamaninsa da abin da ya kira ci da kunne, wato a tara miyar sheƙar tsuntsu da sauran kayan teku masu tsada don kawai an ji sunansu, ya ce awarar da aka iya dafawa ta fi sheƙar tsuntsu daɗi.

Ko kwanon ci ma an taɓa shi. A dokar Ming manyan hawa na ɗaya da na biyu butar shansu ta zinariya ce, na tsakiya azurfa, talaka kuza, sauran kwanukansa tangaran da katako.

Tsohon Akawu:
Bari in kawo muku mutum ɗaya, ku gaya mini ko tsarin bai haifi nagari ba. Hai Rui, hakimin gundumar Chun'an wajen 1558. Albashin hakimi irinsa a Ming awo bakwai da rabi ne na shinkafa a wata, alhali na hawa na ɗaya 87, na can ƙasa biyar. Mutumin nan ya ƙi karɓar ko anini a kan albashinsa, rigar talaka yake sawa, tsohon baransa ke noma masa ganye a bayan gida. Ranar da ya sayi nama ɗan abin da ya haura kilo ɗaya don bikin cikar shekarun mahaifiyarsa, gwamnan yankin gaba ɗaya sai da ya ba mutane labari don mamaki. Irin wannan nake nema a cikin masu mulkinmu.

Malamin Tarihi:
Baba, Allah Ya ƙara girma, ni ma ina ƙaunar labarin nan. Sai dai mamakin gwamnan shi ne shaidata. Da haka sauran hakimai suke, da sayen nama bai zama labari ba. Zamanin Hai Rui ɗin shi ne lokacin da dokar suturar ta ruguje. Azurfa ta riƙa kwararowa daga Japan, bayan 1571 kuma daga ƙasashen Amurka ta hanyar Manila, biranen Suzhou da Hangzhou suka cika da masaƙu, 'yan kasuwa da matansu suka shiga sa abin da suka ga dama. Malamai suka yi ta rubuta kuka cewa yanzu ba a gane bara da ubangidansa a titi. A cikinsu mutum ɗaya, Lu Ji na Shanghai, ya saɓa musu. Ya ce idan mai kuɗi ya kashe dukiya a kan abinci da sutura, manomi da mai dafuwa da masaƙi ne suke rabawa, ya kuma nuna cewa a garuruwan da ake kashe kuɗi talaka ya fi samun abin yi, a garuruwan tsimi kuwa mutane barin gida suke yi neman abinci.

Tela Mai Aska Takwas:
Wannan mutumin ya san sana'a. Babbar riga ɗaya mai aikin hannu, daga mai yadi zuwa mai zane, mai surfani, mai haɗawa, mai bugu, gida nawa ta ciyar? Ranar da aka hana masu hali ado, mu ne farkon kwana da yunwa.

Almajirin Zaure:
Assalamu alaikum. Baba, ina ganin abin da kake nema yana nan, amma ba a tsarin Sinawa ba. A shari'armu an hana namiji siliki da zinariya, an hana kowa ci da sha a kwanon zinariya da azurfa. Hanin nan bai ware sarki ba, bai ware attajiri ba, bai ware malami ba. Nasu kuwa cewa ya yi abin yana da kyau, amma ni kaɗai zan sa. Na farko yana karya girman kai, na biyu gina shi yake yi. Kuma mu tuna a ƙasarmu an taɓa yin doka a kan sutura: Sarkin Gobir Nafata ya hana maza naɗa rawani ya hana mata lulluɓi, 'yan shekaru kafin hijirar Shehu zuwa Gudu a 1804. Kowa ya san ba tsimi yake koya wa jama'a ba.

Tsohon Akawu:
Malam, wannan bambancin da ka kawo na karɓe shi hannu biyu. Abin da ya hau kan kowa daban, abin da aka ɗora wa wasu daban. Amma ina nan kan bakana cewa sakin linzami gaba ɗaya shi ma talaka yake ci, ko da tela ya samu ɗinki. Wanda ya aurar da 'ya a shekarun nan ya san abin da nake faɗa.

Maman 'Yan Biyu:
Wannan gaskiya ne Baba, na aurar na sani. Ni dai idan za a yaba wa wani a tarihin nan, wata tsohuwa zan yaba wa, Huang Daopo. A ƙarshen ƙarni na 13 ta dawo garinsu kusa da Shanghai daga tsibirin Hainan, inda ta koyi gurzar auduga da kaɗi da saƙa a wurin mutanen Li, ta koya wa matan garin. Kafin auduga ta yaɗu, talaka da rigar rama yake shiga hunturu, wasu har rigar takarda suke sawa su lulluɓa da bargon takarda, a ƙasar da ƙanƙara ke zuba. Auduga ce ta ba shi riga mai ɗumi da zai iya saya. Mutanen yankin sun gina mata wurin tunawa bayan rasuwarta.

Ɗan Kwari:
Na ƙaru ƙwarai. Saura tambaya ɗaya Malam. Da daular Qing ta zo, 'yan kasuwar sun samu sauƙi?

Malamin Tarihi:
Sun samu ƙofa, amma mai tsada. Farkon zuwan Manchu, ƙabilar da ta kafa daular, da wuya aka sha. A 1645 suka ba maza kwana goma su aske gaban kai su yi kitso ɗaya a baya irin nasu, wanda ya ƙi a sare kansa, garin Jiangyin ya yi kwana 81 yana yaƙi a kan wannan kafin a murƙushe shi. Suka kuma ƙaro alamar daraja a ƙoƙon hula, wani ɗan dutse: jan yaƙutu ga hawa na ɗaya, murjani ga na biyu, shuɗin dutse ga na uku, a yi ta sauka har ƙarfe mai ruwan zinariya, ga gashin ɗawisu ga wanda sarki ya yi wa kyauta. Sai dai gwamnati tana buƙatar kuɗi, don haka ta riƙa sayar da muƙaman girmamawa. Attajiran gishiri na Yangzhou da manyan dillalan Gwangzu suka saya, suka sa rigar da tsuntsun da dutsen.

Mafi shahara a cikinsu Wu Bingjian ne, wanda Turawa ke kira Howqua. A 1834 an ƙiyasta dukiyarsa ta kai dalar azurfa miliyan 26, ana lissafa shi cikin mafiya arziki a duniya a lokacin, kuma a hotunansa da dama sanye da rigar muƙami aka zana shi. A watan Maris na 1839, da rikicin ofiyom, wani kayan maye, ya taso tsakanin wakilin sarki Lin Zexu da fataken Ingila, aka cire masa dutsen hularsa, aka rataya masa sarƙa a wuya, aka tura shi wurin Turawan a haka, yana dattijo ɗan shekara 70 ba kaɗan. Unguwar da shagunansu suke ana kiranta Shisanhang, wato gidajen ciniki goma sha uku.

Ɗan Kwari:
Shisanhang? Malam, ai kasuwar tufafi ce yanzu, ta sari. Na shiga ta ya fi a ƙirga, can nake saro wa wani maƙwabcina kayan mata, ko sau ɗaya ban taɓa tambayar ma'anar sunan ba. Wata mai zuwa in Allah Ya kai mu zan koma. Ƙanwata, idan akwai inda aka ajiye hoton dattijon nan ko irin hular tasa a garin, ki turo mini sunan wurin da rubutunsu don in nuna wa mai tasi.

Ɗalibar Wuhan:
Akwai gidan tarihin Shisanhang ɗin a cikin lambun al'adu na Gwangzu, ba nisa da kasuwar, da ƙafa ma za ka je. Zan turo maka yau da dare in sha Allahu, Alhaji.

Tela Mai Aska Takwas:
Alhaji, idan ka ga ƙyallen nan mai tsuntsu, don Allah ka ɗauko mini hotonsa kusa-kusa, gaba da baya in an yarda. Ina so in ga yadda suke kwantar da zaren zinariyar.